HJ47 ɗin Baba: sitiyari na wasa, inji na zafi, daga ina za a kama?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce ya bar muku Land Cruiser HJ47 pikop ta 1982, ta yi shekaru a ajiye ƙarƙashin dalbejiya a Gider, kun tada ta tana tafiya, amma sitiyari sai ka murɗa shi kusan kamu guda kafin taya ta san ana magana da ita, kuma in ka kama hawan Mokolo da kaya allurar zafi sai ta nufi ja. Wani ya ce ka sa mata sitiyari mai mai, wato asiste, da radiyato na alminiyam da fanka mai lantarki, wani kuma ya ce ka cire injin gaba ɗaya ka dasa wani injin Toyota, 1HZ. Kana tambaya wanne za ka fara.

Toh ni dai a nan Garwa na tsufa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, kuma amsata ita ce kar ka fara da ko ɗaya daga ciki. Duk abubuwan da aka lissafa maka ƙari ne, shi kuwa ƙari ana ɗora shi ne kan abin da ke da lafiya. Motar nan lokacin da ta fito daga kamfani ba ta wasan sitiyari kamu guda, ba ta kuma tafasa a kan dutse, kenan akwai abin da ya ci, sai an nemo shi tukuna.

Maganar canza inji bari in sallame ta da wuri. Injin da ke cikinta 2H ne, silinda shida, lita 4, na gazuwal, ba shi da kurwar distiribisiyo, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin aikin inji, haƙoran ƙarfe ne ke yin wannan aikin. 1HZ da ake maka kwaɗayinsa lita 4.2 ne, ya fito 1990, inji ne mai kyau ba musu, amma shi yana da kurwa da sai ka riƙa lissafin kilomita kana canzawa, kuma dasa shi a tsohuwar 47 sai an taɓa kujerun inji, an taɓa haɗin bwat, wato akwatin giya, an taɓa waya, ga maganar kartigiris, takardar mota, da jandarma a hanya. In 2H ɗinka yana tashi da safe ba gardama, ba ya shan baƙin mai fiye da kima, ba ya hura hayaƙi ta bakin da ake zuba mai kamar tukunyar dambu, ka bar shi. Ba shi da gudu, wannan gaskiya ne. To ina za ka je da gudu tsakanin Mora da Dabanga?

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, a kai ta wurin wanki a wanke ƙarƙashinta tas, a hau da ita rami, ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shasi kana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya. Mu nan arewa tsatsa ba ta cin mota kamar na Duwala, wannan sa'a ce, amma laka na maƙalewa cikin shasi ta riƙe ruwa duk damina, musamman motar da ta taɓa shiga karal, ƙasar nan mai laka mai danƙo, ta wajen Waza da Logone. Ka duba inda kunnuwan lam suke, wato inda sifirin ya rataye a jikin shasi, ka duba inda bwatiye, akwatin sitiyari, ya zauna, nan ne shasin yake tsagewa. In shasi ya tsage ko an taɓa yi masa walda ta ganganci, to nan kuɗinka na farko za su tafi, don sitiyari mai mai ƙarfinsa ya ninka na hannunka, kuma duk ƙarfin nan a jikin shasin yake sauka.

Yanzu sitiyari. Mutane da yawa ba su san yadda aka tsara na jerin 40, dangin motarka, ba, shi ya sa suke ɗora wa bwatiye laifin da ba nasa ba. Bwatiyen yana baya, kusa da ƙafar direba. Daga shi sanda ta tafi gaba zuwa wani hannu da ke juyawa a kan shasi daf da bompa, mu kan ce masa rele, daga relen wata sanda ta tsallaka zuwa ɗaya gefen, sannan ga doguwar sandar da ta haɗa tayoyin biyu. Kowace gaɓa akwai rotil, ɗan ƙwallon ƙarfe mai juyawa, kusan shida kenan, ga bushin da ke cikin relen kansa. Kowanne in ya ci ɗan kaɗan, kafin a tara su a kawo hannunka ya zama kamu guda. Gwajin ba ya son na'ura. Mota a ƙasa, inji a kashe, ka sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu a hankali, kai kuma ka kwanta ka ɗora tafin hannu kan kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Inda ɓangare ɗaya ya motsa ɗayan ya tsaya yana jira, ka same shi. A yawancin waɗanda suka zo hannuna relen ne babban mai laifi, kuma yana da abin ɗaurewa a samansa, in bushin bai mutu ba ɗauri da giris kawai yake so.

Bayan nan ka sa kirik, wato jak, ka ɗaga gaba, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana ƙwas-ƙwas ka sa a taka birki ka sake. In ƙarar ta ɗauke rulman taya ne, boris in ji mutanen Najeriya. In ba ta ɗauke ba to rulman pibo ne, waɗanda ke sama da ƙasan ƙwallon nan na bakin pon, wato gadar ƙarfen da tayoyin gaba ke ɗaure a jikinta. Nan fa aiki yake, kuma nan ne makanikai ke gudu don ƙazanta ce da cin lokaci. Ka leƙa bayan ƙwallon, in ka ga wani baƙin abu mai ruwa-ruwa kamar miyar kuka yana zuba, man pon ne ya ƙetare juwan, robar da ke tare mai, ya gauraya da giris. Sau da yawa dalilin abin dariya ne: akwai ɗan bututun numfashi a saman pon, motar da ta daɗe a ajiye zanzaro kan toshe shi da laka, pon ya yi zafi iska ta rasa hanya sai ta tura mai ta juwan. Ka buɗe duka ɓangarorin biyu a wanke, a sa sabbin rulma da juwan da tsumman nan mai share ƙura, a cika da baƙin giris mai moli. Siraran faranti da za ka tarar ƙarƙashin murfin pibo, don Allah kar yaro ya haɗe su wuri ɗaya, na sama daban na ƙasa daban, su ne ke daidaita taurin juyawa da tsakiyar sandar. Na sha karɓar mota da aka maida su yadda aka ga dama, wata biyu juwan ya sake zuba.

Sai ka gama duk wannan sannan ka taɓa sukurun da ke kan bwatiye, shi ma kaɗan-kaɗan, taya na kallon gaba sak. Masu ɗaure shi tamau don su kashe wasa suna kashe bwatiyen ne, sitiyari ya daina dawowa da kansa bayan an sha kwana, wannan kuwa ya fi wasa haɗari. In an yi aikin daidai wasan bai kamata ya wuce faɗin yatsu biyu a bakin sitiyari ba.

Wani abu da ban ga ka ambata ba: ka duba ko an taɓa ɗaga motar. Mutanenmu na son ƙara ganyen lam da dogayen kunnuwa don a labta buhunan masara ko albasa. A 47 kunnuwan lam na gaba a can gaba suke, in aka tsawaita su pon sai ya ɗan juya, mota ta riƙa yawo a hanya kamar akuya ta ɓace, kana gyara ta dama tana tafiya hagu. Maganinsa a maida kunnuwa na asali, ko a sa ɗan ƙarfe mai siffar bakin gatari tsakanin lam da pon a dawo da kusurwar. Robobin lam ma in sun mutu haka take yi. Shi kuma amortison sitiyari, mai shanye girgiza, da ake cewa ka canza in gaba na rawa, ɓoye ciwon kawai yake yi.

Toh in ka yi duk wannan, tayarka 7.50R16 ce irin ta asali da iska daidai, za ka ga sitiyarin ya yi sauƙin da ba ka zata ba, sai dai a tsaye ko cikin yashi. In har yanzu kana son mai mai, ban hana ka ba, ni ma kafaɗata ta fara gaya min gaskiya. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka nemo kayan Land Cruiser HJ60 a kas, inda ake kwance tsofaffin motoci. Dalili, HJ60 ita ma 2H ne a cikinta, don haka famfon mai da kujerarsa da fulin za su hau injinka ba tare da ƙere-ƙere ba. Bwatiyen 60 ana ɗaura shi ne gaba a jikin shasi, sai rele da sanda ɗaya su fita daga lissafi gaba ɗaya, kaga gaɓoɓin da za su ci sun ragu, wannan ma riba ce ko ba don sauƙin hannu ba. Amma aiki ne na mai walda da ya san abin da yake yi. Dole a lulluɓe shasin da farantin ƙarfe mai kauri, a zura bututu cikin ramukan bulon don kar ɗauri ya matse shasin, yawanci sai an matsar da kujerar amortiso, sannan a haɗa sanda mai gaɓoɓi daga sitiyari zuwa sabon wurin. Ka tabbata bwatiyen na motar hannun hagu ne irin namu, don akwai kayan da ke shigowa daga ƙasashen da direba ke zama dama, a ido kamar ɗaya suke, sai ka zo ɗaurawa ka ga komai a juye. Abu ɗaya da ba na yafewa: hannun da ke fita daga bwatiye da sandunan sitiyari ba a yanka su a haɗa da walda, ba a gasa su a lanƙwasa. Wani ya taɓa kawo min mota da aka yi wa haka a wani gareji, waldar ta saki ne yana juyawa a tasha a hankali, da a gangaren Ngaundere ne da wani labarin ake. Man da ake zubawa jan man bwat otomatik ne, Dexron, kar a zuba man birki.

Mu koma zafi, wanda a gaskiya shi ya fi damuna a tambayarka, don sitiyari mai wasa yana ba ka lokaci, 2H kuwa in ya tafasa sau biyu uku kulas, wato kan inji, ne zai tsage, kuma kulas mai kyau yanzu nemansa wahala ne ko a Camp Yabassi ta Duwala ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Fara da tabbatar da cewa allurar gaskiya take faɗi. Agogon shekara arba'in ne. Ka sa wani na daban mai lambobi, irin mai siririn bututu da ba ya bukatar wuta, ka ga digiri nawa ne na ainihi. Sannan da safe inji na sanyi ka buɗe bushon, murfin radiyato, ka cika ruwa, ka tada. In kumfa na ta fitowa ba ƙarewa, ko tiyo, bututun robar ruwa, ya yi tauri kamar icce cikin minti kaɗan, to juwan kulas ne ko kulas ɗin kansa, ko radiyaton tirela ka sa ba zai hana ba.

In wannan lafiya, ina kyautata zaton in ka buɗe gidan termosta, abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, ba za ka tarar da komai ciki ba. Al'adarmu ce, duk motar da ta shigo arewa abin farko a cire shi a jefar wai ƙasarmu da zafi. Kuskure ne. Termosta mai lafiya na digiri 82 in inji ya yi zafi a buɗe yake, ba ya tare komai. In babu shi, a injuna da yawa wani kason ruwan sai ya riƙa zagaye ta gajeriyar hanya cikin inji bai je radiyato ba, ga kuma sanyin hunturu, Disamba da Janairu inji ya yi ta aiki bai kai zafinsa ba, yana cin silinda yana baƙanta mai. Ka sayi na kirki, ka jefa shi a tukunyar ruwan zafi ka ga buɗewarsa da idonka kafin ka ɗaura. Bushon shi ma ba murfi ne kawai ba. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100, amma bushon mai lamba 0.9 a jikinsa yana riƙe matsi ya kai tafasar wajen 118. Robarsa in ta mutu ka rasa wannan ratar duka, kuma a watan Afrilu da Marwa da Kuseri ke haura digiri 40 a inuwa, ratar nan ita ce ke raba ka da tsayuwa bakin hanya. Abu mafi araha a motar, shi aka fi rainawa.

Shi radiyaton, lagireto in ka tsallaka Mubi, ciwonsa biyu ne, ciki da waje. Waje: ƙaiƙayin ciyawa bayan damina, laka, ƙwari, duk su toshe tsakanin ganyen. A wanke daga bayansa zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi sosai kar a kwantar da ganyen. Ciki kuwa ruwan rijiya da na foraj ne suka kashe mana motoci. Dubi gindin butar shayinka, farin dutsen nan, shi ne a cikin bututun radiyato da jikin inji. In inji ya yi zafi ka kashe shi ka shafa fuskar radiyaton da hannu a hankali, inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi wurin a toshe yake. Naka na jan ƙarfe ne da tagulla, ana narke dalma a cire tankin sama a zura tsinke a kowane bututu a maida. In zuciyar ta ruɓe a sa sabuwa, a nan ne za ka iya ƙara layi, daga uku zuwa huɗu, wannan shi ne ƙarin da nake goyon baya. Na alminiyam mai kyau yana sanyaya ruwa, ban ce a'a ba, amma yawancin masu arahar da ke kasuwa ba sa jure girgizar hanyarmu, kuma in ya tsage maka a Rumsiki ko bayan Bogo wa zai kama maka shi? Na tagulla duk garin da ake gyaran bokiti akwai mai dalma. Ka duba sojojin Cadi a 1987 a Fada da Wadi Dum, da Toyota pikop suka kori tankokin Libiya har yaƙin ya ɗauki sunan motar, abin da ya sa ake son motocin nan a sahara shi ne duk abin da ya lalace ana iya gyara shi a inda ya lalace. Kar ka sa wa taka abin da zai cire mata wannan.

Lokacin da radiyato ke waje a kwance bulon zubar ruwa na jikin inji a yi ta ɗura ruwa har ya fito fari, a duba faranten nan masu kama da murfin kwalba a gefen inji ko sun fara tsatsa, a girgiza famfon ruwa, in yana wasa ko yana ɗiga ta ɗan ramin ƙasa a canza. Tiyo duka sabbi, har ƙananan da ke ɓoye. Daga ranar kuma ba ruwan rijiya. Ruwan batir marar asid, ko wanda ke ɗiga daga kilimatizo, a gauraya da ruwan sanyaya inji mai launi, wanda aikinsa a wurinmu hana tsatsa ne tunda ƙanƙara ba ta dame mu ba.

Fanka mai lantarki ita kaɗai, a'a. Fankar da inji ke juyawa ta fi ta jan iska nesa ba kusa ba, in dai kurwa a ɗaure take kuma kwandon da ke zagaye da ita yana nan. Kwandon nan makanikai kan cire shi don yana hana hannu shiga, su jefar, alhali in babu shi fanka iskar gefe take ja ba ta cikin radiyato ba, shi ya sa mota ke zafi a hawa da giya ta biyu inda iskar hanya ba ta taimaka. In naka ya ɓace mai ƙira zai buga maka na langa-langa. In kana so ka ƙara ƙaramar ta lantarki a gaba don cunkoson gadar Ngeli ta Kuseri, to, amma ka fara ƙirga batir, da yawa daga masu gazuwal ɗin nan wutarsu volt 24 ce ba 12 ba. Kuma in ka sa sitiyari mai mai, ɗan radiyaton mansa kar a manna shi ya rufe fuskar babban.

Wani lokaci kuma zafin ba daga ruwa yake ba sam. Birkin da ke kamawa bayan doguwar ajiya, filtar iska da ƙurar hunturu ta cika, enjekto masu zubar da mai maimakon fesawa, famfon gazuwal da wani ya murɗa wai don ƙarfi, duk suna dafa inji. In tana baƙin hayaƙi a hawa a kai enjektocin a gwada. Ka kuma sauko da giya da wuri, kar ka bar shi yana nishi a ta huɗu, juyin inji shi ne juyin fanka da famfo. In ta taɓa tafasa maka kar ka kashe nan take in dai ruwa bai zube ba, ka tsaya ka bar shi yana juyawa a hankali, kar ka buɗe bushon, kar kuma ka sheƙa masa ruwan sanyi.

Tunda na ambaci birki, motar da ta yi shekaru a tsaye tiyoyin birki na roba da kofunan silinda duka canzawa ake, ba a tambaya, tayoyi ma ko haƙoransu na nan in gefen ya tsattsage ka sallame su. Wannan yana gaba da sitiyari mai mai a layi. Kayan kuma ka riƙa zuwa da tsohon a hannu, don ƙirar 40 ta daɗe ana yinta, daga 1960 har 1984, an canza abubuwa da yawa a tsakani, mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Rotil da rulma da juwan ka sayi na Japan ko da sun ninka kuɗi, okaziyo, wato na hannu, na asali ma ya fi sabon jabu.

In an gama, gwajinta ba cikin gari ba ne. Ka ɗora mata kaya daidai wanda za ta riƙa ɗauka, ka fita da rana tsaka ka kama hawan Mokolon nan da ya ba ka tsoro, idonka kan sabon agogon. In ta tsaya ƙasa da digiri 95 har sama kuma ta sauko da kanta a gangare, aikin ruwa ya yi. Ka turo min hoton shasin wajen bwatiye da na bayan ƙwallon pon, da lambar da ke jikin farantin cikin bonet, in gani ko bwatiyen 60 zai zauna ba tare da an taɓa kujerar radiyato ba. Ka gaida Hajiya da mutan gida.